Walkin Bunsurun Maigida

Tatsuniya da dare ake yin ta. Ni kuwa abin da na yi, da rana tsaka na yi shi, ranar Juma'a, maza suna masallaci. Na tuba, kuma har yau ina kan tuba. Amma a bar ni in faɗe shi yadda ya faru, daga kai har wutsiya.

Na daɗe a Makka. A unguwar Kudai nake, can sama kan dutse inda mota ba ta hawa sai ƙafa. A nan na aurar da 'yata, a nan na yi takabar mijina, a nan gwiwoyina suka fara ƙara. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani shi ne awaki, don a ƙauyenmu na gefen Maraɗi yarinya tana rabe kukan akuya kafin ta rabe na ƙaninta. Shi ya sa ko a Makka ban zauna babu dabba ba. Ina da akuya guda a tsakar gida, ja, gajera, kunnuwa a tsaye kamar mai sauraron gulma. Ragowar burodin alhazai take ci da ɓawon kankana. Guntuwa nake ce mata.

Surukina, mijin 'yata, makiyayi ne. Yana yi wa wani Balarabe kiwo a wani ɗan gari can gabas da Ɗa'ifa, kuma Balaraben nan shi ne kafil ɗinsa, wato takardarsa ta zama a ƙasar nan da sunan mutumin take rataye. In ya ce zauna, ya zauna. In ya ce tafi, jirgi ne, shi da aikin, da ɗakin da 'yata take kwana a ciki.

Wata shekara bayan an sauko daga Mina, 'yata ta aiko cewa cikinta ya shiga wata huɗu kuma yana wahalar da ita. Motar da ta kawo ragunan layya za ta koma babu kaya. Na ɗaure ƙullina, na ɗauki Guntuwa, don babu wanda zan bar wa ita, muka hau. Ni a gaba, ita a baya, tana ta zagin duk garin da muka wuce.

Garin da muka sauka, in an ce masa gari an yi masa kara. Titi ɗaya ne. Akwai masallaci, akwai gidan mai, akwai shagon da ake sayar da buhunan sha'ir na dabbobi da shayi da takalman roba, akwai mai facin taya da ba ya tashi sai ya ji mota ta tsaya. Sauran duk garke ne da tankunan ruwa. Awaki sun fi mutane, raƙuma sun fi awaki girman kai. Ƙasar a bushe take ƙamas, tsakuwa baƙa da ƙaya, ko tsinke dabba ba ta samu sai abin da aka zuba mata a kwami.

Daga bayan garkunan kuma waya ce, doguwa, ta tafi dama ta tafi hagu har ido ya gaji. Dajin gwamnati ne, an killace shi don namun daji. A cikinsa ciyawa tana nan tsaye ba mai taɓa ta, ga barewa, ga mariri farare tas, ga jimina tana tafiya kamar matar attajiri, ga bunsurun dutse a kan tsaunuka. Da yamma sai ka ga awakin gari sun yi layi a bakin wayar suna kallon ciyawa, yadda marar kuɗi yake kallon tsire. Dokar wurin ba ta da wasa. Duk dabbar da ta ƙetare wayar an kama ta, makiyayinta kuma shi zai amsa tambaya, in baƙo ne sai abin da Allah ya yi.

A garken maigidan surukina akwai wani bunsuru. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa ya kai ɗan maraƙi, hancinsa a lanƙwashe kamar bakin aku, kunnuwansa sun sauko har suna share kwami in yana cin abinci. Rumfarsa daban, da na'urar da ke feso masa iska mai sanyi, alhali 'yata mai ciki fanka ce kawai a ɗakinta. Daga garuruwa masu nisa ake zuwa kallonsa, a sha gahawa, a yi masa hoto. Wasu su zo da awakinsu mata a mota, su yi roƙo, maigida ya ba su dabino ya sallame su. Ba ya son jinin bunsurun ya fita daga garkensa. Ya gaya wa surukina tun ranar farko cewa in ya ga kunnen nan a jikin ɗan akuyar da ba tasa ba, to ya haɗa kayansa.

Mu a wurinmu ba haka ba ne. Bunsuru na gari ne. Mai shi yana ciyar da shi, amma aikinsa na kowa ne, kamar rijiya. Ban taɓa jin wanda ya yi sallama kafin akuyarsa ta je wurin bunsurun maƙwabci ba.

Da safe ana sakin bunsurun nan ya taka ƙafa a cikin garke. Sai na ga an ɗaura masa wata fata a ƙarƙashin ciki, kamar walki, da igiya an zagayo an ƙulle a gadon bayansa. Surukina yana zuba ruwa. Ya gan ni, ya ajiye bokiti, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi kullum tun ranar da ya auri 'yata. Bai taɓa kallon idona ba, ban taɓa faɗar sunansa ba.

Na ce, "Malam, wannan fatar ta mece ce?"

Ya daɗe yana kallon tsakuwa. Kunnensa ma ya yi gumi.

Ya ce, "Don sanyi ne, Inna."

Na ce, "To. Allah ya ba shi lafiya."

Ni da na tashi cikin awaki, na san abin da walkin nan yake tarewa. Amma suruki ya faɗi magana, kuma ba mutunci ba ne babba ta ƙaryata surukinta. Na karɓa yadda ya ba ni, na ajiye.

Ba a yi sati biyu ba Guntuwa ta fara kuka. Kwana biyu tana yi, tana kaɗa wutsiya, ta ƙi burodi, ta ƙi kankana. Duk wanda ya yi kiwo ya san kukan nan. Rana ta uku Juma'a ce. Maza suka wanke jiki suka tafi masallaci, har mai facin taya. 'Yata tana barci. Rana ta tsaya a tsakiyar kai, zafi kamar an buɗe bakin tanda. Na leƙa rumfar bunsuru, na gan shi yana haki, ga fata a cikinsa. Na ce a raina, bawan Allah, an ce don sanyi ne, yau kuwa babu sanyi ko na magani. Tausayin dabba lada ne. Na kwance masa.

Cewa Guntuwa tana bayana a lokacin, kuma ƙofar rumfar a buɗe take, wannan ban musa ba. Na juya baya na fuskanci dajin gwamnati, na ja carbina. Wata jimina ta zo bakin waya ta tsaya tana kallona. Ita kaɗai ce shaida.

Kafin liman ya sallame na mayar da walkin. Sai dai ni ban iya ƙullin makiyayan nan ba. Ƙullin da hannuna ya sani shi ne na bakin zane, wanda ake ɗaure goro a ciki, shi na yi. Da yamma na hango surukina tsaye a kan bunsurun yana kallon ƙullin. Ya kalli ɗakinmu, ya kalli Guntuwa da ta kwanta tana tuƙa cikin natsuwa, ta daina kuka. Ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya koma bakin aikinsa. Washegari ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sai dai ya ɗan daɗe a ƙasa.

Wata biyar akuya take yi da ciki. 'Yata ma wata biyar ya rage mata. Suka yi ta girma tare, ina dama wa ɗaya kunu, ina jiƙa wa ɗaya dusa. Ina addu'a 'yata ta sauka lafiya, ina addu'a abin da ke cikin Guntuwa ya ɗauko kunnen uwarsa.

An karɓi addu'ar farko. 'Yata ta haifi mace ranar Talata, lafiya lau. Ranar Alhamis Guntuwa ta haifi biyu a bayan ɗaki, mace da namiji. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji mutane, amma waɗannan sun wuce gona da iri. Kunnuwa ne aka haifa, aka liƙa musu 'yan awaki. Hancin nan na aku kuwa kamar an buga da hatimi. 'Yata ta leƙo ta taga ta gani, ta riƙe cikinta tana dariya tana cewa wayyo ɗinkina, daga baya dariyar ta tsaya.

Ta ce, "Inna, kin kore mu daga garin nan."

Na ce, "Ba a kori kowa ba tukuna. Miƙo mini kwalin nan."

Namijin na sa shi a kwalin shinkafa na tura ƙarƙashin gadon mai jego, don ɗakin jego namiji ba ya shiga. Sau uku a rana nake shigo da Guntuwa ta shayar da shi. Macen ba ta da wurin ɓuya, don akuyar da ta haihu dole a ga abin da ta haifa. Na naɗe mata kunnuwan a bisa kai, na ɗaure da tsohon ɗankwali. Ta fito kamar 'yar tsohuwa za ta biki.

Ranar suna maigida ya zo da kansa, da rago a bayan mota. Dogon mutum ne, busasshe, gemunsa fari, ba ya magana sai ta zama dole. Ya yi wa jaririya addu'a daga ƙofa. Zai juya ke nan, 'yar akuyar ta fito daga bayan tanki da ɗankwalinta.

Ya ce, "Hajja, wannan fa?"

Larabcina na kasuwa ne, amma yana kai ni inda za ni. Na ce, "Ciwon kunne take yi."

Ya tsuguna, ya ja bakin ɗankwalin. Kunnuwa suka zubo har ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya auna da tafin hannunsa. Surukina yana tsaye da wuƙar yankan rago a hannu, ya zama kamar itace.

Maigida ya ce, "Wa ye uban?"

A nan ne Shaiɗan ya ba ni aron baki. Na nuna wayar gwamnati, na ce, "Bunsurun dutse ne. Na sha ganinsu suna leƙowa."

Ya kalli wayar, ya kalle ni. Ya ce, "Haka ne? To, wannan magana ta fi ƙarfina. Gobe zan zo da mai dajin."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban san nawa bai kai taku ɗaya ba.

Washegari da hantsi suka zo, shi da babban mai gadin dajin, wani mai tumbi da kakin gwamnati, fuskarsa a sake. Aka shimfiɗa musu darduma a inuwar tanki, na kawo gahawa. Surukina ya zauna can gefe a kan tsakuwa. Mai gadin ya ɗauki 'yar akuyar ya ɗora a cinya yana shafa kunnuwan.

Ya ce, "Masha Allah. Hajja, na yi shekaru ina bin bunsuran dutsen nan, kunnensu bai fi yatsana ba. Ashe akwai wanda yake ɓoye mini."

Na ce, "Daji da faɗi yake."

"Gaskiya ne, da faɗi. To, ga yadda abin yake. Bunsurunmu ba ya fitowa, don na zaga wayar jiya, babu inda ta yage. Ke nan akuyar ce ta shiga. In ta shiga, zan tafi da ita da 'yarta. Sannan zan rubuta sunan makiyayin da take hannunsa." Ya ciro alƙalami, ya juya wajen surukina. "Kawo iƙamarka, katinka na zama."

Surukina ya sa hannu a aljihu. Bai kalle ni ba, bai ce ƙarya ce ba. Ya ciro katin ya miƙa da hannu biyu. A daidai lokacin, daga cikin ɗakin jego, wanda ke cikin kwali ya saki kuka mai tsawo. Duk suka juya wajen ɗakin.

Na ce, "Jaririyar ce."

Maigida ya ce, "Allah ya raya ta. Murya gare ta."

Na dubi katin nan a hannun mai gadi. Ɗan abu ne, bai fi tafin hannun yaro ba, amma a cikinsa akwai ɗakin 'yata, da gadon jikata mai kwana takwas, da shekarun da mutumin nan ya yi yana ɗibar ruwa a rana. Kuma yana shirin ba da shi don kada a ce surukarsa ta yi ƙarya a gaban maza.

Na gyara mayafina, na ce, "Mayar masa da katinsa. Akuyata ba ta taɓa ƙetare waya ba. Ni na kwance wa bunsurun maigida walki, ranar Juma'a, kuna masallaci. Wannan bawan Allah bai sani ba."

Maigida ya ajiye finjalinsa. Ya ce, "Me ya sa?"

"An ce mini don sanyi ake ɗaura masa. Ranar kuwa ana zafi."

Ya juya wajen surukina. "Kai ka ce mata don sanyi ne?"

Surukina ya ce, da murya kamar ta mai zazzaɓi, "Uwar matata ce, maigida. Me zan ce mata?"

Mai gadin ne ya fara dariya. Tumbinsa ya yi ta rawa, gahawa ta zube masa a kaki, 'yar akuyar ta tsorata ta dire. Maigida bai yi dariya ba, amma na ga ya kama gemunsa ya riƙe da ƙarfi. Da na ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai na tura ƙafa. Na ce, "Kuma na ji wani malami a Harami yana cewa ba a karɓar lada a kan aikin bunsuru."

Ya ce, "Ban nemi lada ba, Hajja. Malamin ya ce a riƙa kwance walkin mutane?"

Na ce, "Ban zauna har ƙarshen karatun ba."

Ya saki gemunsa. Sannan ya ce, "Ranar Juma'ar nan na riga shi dawowa, na ga ƙullin. Ƙullin mata ne. Na tambaye shi da daddare, ya ce shi ya ɗaura. Wata biyar ina jira in ga wanda zai fara gajiya a cikinku." Ya karɓi katin daga hannun mai gadi, ya jefa wa surukina a cinya. "Koma bakin aikinka. Daga yau rumfar da kwaɗo. 'Yar akuyar nan jinina ce, in an yaye ta tana garkena. Hajja kuma, in an yi arba'in, mota tana zuwa Makka."

Na ce, "Na gode. Dama gwiwoyina ba sa son tsakuwar garinku."

Surukina ya tashi ya tafi wajen tanki, ya yi ta wanke fuska, ya daɗe yana wankewa.

Ranar da aka yi arba'in motar ta zo. An riga an kai 'yar macen garken maigida, an haɗa ta da wata akuya mai nono. Guntuwa ta hau baya. Ni na shiga gaba da babban kwandon kayana a kan cinya, na rufe shi da zane biyu, na ɗora hannu a kai ina shafawa. Mun zo daidai gidan mai sai ga maigida tsaye a bakin titi, ya ɗaga sanda. Direba ya tsaya. Ya zagayo ta wajena, ya dubi kwandon. Kwandon ya motsa.

Na ce, "Hanyar ce ba ta da kyau."

Ya ce, "Motar a tsaye take, Hajja." Ya jingina da ƙofa. "Tun ina yaro nake tatsar awaki. Akuyar da ta haifi ɗaya, in an kira ta, wuri ɗaya take waiwaya. Taki wuri biyu take waiwaya."

Na ja carbina. Wani lokaci shiru ma ibada ne.

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ɗan ƙunshi, ya ajiye mini a kan zanen. Na buɗe. Walki ne, sabo, na fata mai laushi, da igiyarsa.

Ya ce, "In ya girma. Makka ma ana sanyi."

Na ce, "In sha Allahu."

Surukina yana can har yau, yanzu shi ne babba a kan makiyayan garken, mabuɗin kwaɗon ma a wuyansa yake. Jikata ta shiga makaranta. In sun zo Makka ya durƙusa ya gaishe ni, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Walkin yana rataye a ƙusa a madafata. Fata ce mai kyau, da ita nake sauke tukunya in ta yi zafi. Shi kuwa mai walkin ya girma, ya fi ƙofar gidana tsayi, kuma tunda ya zo ban ga ranar da aka yi sanyin da ya isa a ɗaura masa ba. Duk wanda ya hau dutsenmu na Kudai, ya bi ta lungunan Hausawa, ya ga 'yan awaki suna tuntuɓe da kunnuwansu, kada ya tambaye ni. Ni tsohuwa ce, carbina nake ja.